Yadda Sifaniya ta ci daulolin Aztek da Inka da sojoji ƴan ɗaruruwa

Ranar 1 ga watan Oktoban 2024 aka rantsar da Claudia Sheinbaum a matsayin shugabar ƙasar Meksiko, amma Sarkin Sifaniya Felipe na Shida bai halarci bikin ba domin ba a gayyace shi ba. Gwamnatin Madrid ta ji haushin haka, ta ƙi tura wakili ko ɗaya. Tushen rigimar wata wasiƙa ce da tsohon shugaban Meksiko, Andrés Manuel López Obrador, ya aika wa sarkin da kuma Fafaroma Francis a shekarar 2019, yana neman su roƙi gafarar ƴan asalin ƙasar kan ta'asar da aka yi musu a lokacin mamayar da ta auku shekaru 500 da suka wuce. Gwamnatin Sifaniya ta yi watsi da buƙatar.

Labarin da aka saba bayarwa a makarantu shi ne wasu Turawa ƴan ƙalilan, da dawaki da bindigogi, sun rusa dauloli masu miliyoyin mutane. Ta fuskar adadi haka ne. Hernán Cortés ya isa gaɓar Meksiko a 1519 da sojoji kimanin 500 da dawaki 16, shi kuwa Francisco Pizarro da mutum 168 ya kama sarkin Inka a 1532. Sai dai binciken masana tarihi ya nuna cewa yawancin mayaƙan da suka ci waɗannan dauloli ƴan ƙasar ne, kuma rikicin sarauta da annoba sun riga sun raunana su kafin a yi karon ƙarshe.

Daga Granada zuwa ƙetaren teku

Shekarar 1492 ce mafarin lamarin. Ranar 2 ga Janairu, Abu Abdullahi Muhammad na 12 ya miƙa birnin Granada ga Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella, abin da ya kawo ƙarshen mulkin Musulmi na kusan shekaru 800 a Andalus. A watan Maris aka ba da umarnin korar Yahudawan da suka ƙi shiga Kiristanci. A watan Agusta kuma Kiristofa Kolombus ya tashi da jiragen ruwa uku yana neman hanyar zuwa Asiya ta yamma, ya sauka a wani tsibiri na Bahamas ranar 12 ga Oktoba. A wannan lokaci Muhammadu Rumfa ne ke sarautar Kano, shekara guda bayan haka kuma Askiya Muhammad ya karɓi mulkin Songhai.

A 1494 Sifaniya da Fotugal suka sa hannu kan yarjejeniyar Tordesillas, suka ja layi a tsakiyar Tekun Atlantika. Abin da ke yamma da layin na Sifaniya, abin da ke gabas na Fotugal. Dalilin da ya sa ke nan ake magana da harshen Fotugal a Burazil, sauran mafi yawan maƙwabtanta kuma na magana da Sifaniyanci.

Mazaunin farko da Sifaniyawa suka kafa yana tsibirin Hispaniola, inda ƙasashen Haiti da Jamhuriyar Dominika suke a yau. A can suka fara tsarin da ake raba wa kowane mayaƙi wasu ƙauyuka na ƴan ƙasa su yi masa aiki da biyan haraji, shi kuma wai ya koya musu addinin Kirista. Cikin shekaru kaɗan al'ummar Taino da ke tsibirin ta kusa ƙarewa saboda aikin tilas da yunwa da cututtuka. Daga Hispaniola aka ci Kuba a 1511, daga Kuba kuma aka fara leƙen gaɓar Meksiko.

Su wa suka ci Tenochtitlan?

Cortés ya bar Kuba a watan Fabrairun 1519 da jirage 11, bayan gwamnan tsibirin, Diego Velázquez, ya janye izinin da ya ba shi. Ke nan a idon doka ɗan tawaye ne, kuma ya san in ya koma hannu rabbana gidan yari ko igiya ke jiransa. Da ya kafa garin Veracruz sai ya nutsar da jiragensa domin kada wani ya yi tunanin komawa.

Daular da ya tarar ba dunƙulalliyar ƙasa ba ce. Ƙawance ne na birane uku, Tenochtitlan da Texcoco da Tlacopan, wanda aka ƙulla a wajajen 1428, ya kuma tilasta wa ɗaruruwan garuruwa biyan haraji na masara da auduga da koko da gashin tsuntsaye. Garuruwan da aka ci suna riƙe da sarakunansu da gumakansu, abin da ke haɗa su da daular shi ne tsoro. Ana kuma kai fursunonin yaƙi a yanka su a haikalin babban birnin. Tun a gaɓar teku mutanen Cempoala suka kai wa Cortés kukan masu karɓar haraji.

Ya ji wannan kuka ne saboda yana da tafintoci biyu. Na farko wani Basifaniye ne, Jerónimo de Aguilar, wanda jirginsu ya nutse ya yi shekaru takwas a hannun ƴan ƙabilar Maya. Ta biyu kuwa wata baiwa ce, Malintzin, ɗaya daga cikin mata 20 da aka ba Sifaniyawa bayan wani faɗa a Tabasco. Tana jin harshen Maya da na Nahuatl, harshen daular, daga baya kuma ta koyi Sifaniyanci. Kusan duk wata yarjejeniya da Cortés ya ƙulla ta bakinta aka yi ta.

Mafi muhimmancin ƙawancen shi ne na Tlaxcala, ƙasar da Aztek suka kewaye suka hana ta gishiri da auduga amma suka kasa cinta. A watan Satumban 1519 mayaƙan Tlaxcala suka gwabza da Sifaniyawa na tsawon kwanaki har suka kusa gamawa da su. Daga nan shugabanninsu suka yi shawara, suka ga cewa waɗannan baƙi za su yi amfani wajen karya tsohon abokin gaba. Dubban mayaƙan Tlaxcala ne suka raka Cortés zuwa Cholula, inda aka yi wa jama'ar garin kisan gilla a watan Oktoba, sannan zuwa Tenochtitlan ranar 8 ga Nuwamba.

Birnin yana tsakiyar tafki ne, ana shiga ta hanyoyin da aka cike a kan ruwa, kuma ana ƙiyasta mazaunansa sun kai 200,000, wato ya fi kowane birni na Sifaniya girma a lokacin. Sarki Moctezuma na Biyu ya karɓi baƙin ya saukar da su a fada, su kuma ba da jimawa ba suka yi garkuwa da shi. Labarin da ke cewa ya ɗauki Cortés a matsayin wani allahnsu da ya dawo, masana da yawa a yau na ganin an ƙaga shi ne shekaru bayan yaƙin.

A 1520 gwamnan Kuba ya turo rundunar da ta fi ta Cortés yawa domin ta kamo shi. Cortés ya fita ya yi mata kwanton ɓauna da dare, ya kama shugabanta Pánfilo de Narváez, sojojin kuma suka koma bayansa da jin labarin zinariya. Kafin ya dawo, mataimakinsa Pedro de Alvarado ya afka wa manyan gari ana tsakiyar bikin addini ya karkashe su. Birnin ya yi bore. Moctezuma ya mutu a ƙarshen watan Yuni. Sifaniyawa sun ce jama'arsa ne suka jefe shi, majiyoyin ƴan ƙasar kuma sun ce Sifaniyawan ne suka kashe shi. A daren 30 ga Yuni baƙin suka yi ƙoƙarin sulalewa, aka rutsa da su a kan hanyar ruwa. Ɗaruruwan Sifaniyawa suka mutu, da dama nauyin zinariyar da suka ɗauka ya nutsar da su, tare da dubban mutanen Tlaxcala.

A wannan dare bindiga da doki ba su cece su ba. Bindigogin zamanin irin na toka ne, masu jinkirin ɗuri, kuma ba su da yawa. Abin da ya fi taimakon Sifaniyawa a fagen daga shi ne takobin ƙarfe, domin makaman Aztek na katako ne da aka jera wa dutse mai kaifi kamar gilashi. Da yawa daga cikinsu ma sun ajiye sulkensu suka koma sa rigar auduga mai kauri ta ƴan ƙasar, mai kama da lifidi. Da a ce Tlaxcala ta juya musu baya a lokacin da suka iso mata a jigace, da labarin Cortés ya ƙare a nan. Aztek sun aika jakadu suna neman haka, amma shugabannin Tlaxcala suka ƙi.

Agana da ƙawanya

Cutar agana ta shigo Meksiko tare da rundunar Narváez. Mutanen nahiyar ba su taɓa saninta ba, saboda haka jikinsu ba shi da garkuwa, alhali yawancin Sifaniyawa sun yi ta tun suna yara. A ƙarshen 1520 ta mamaye Tenochtitlan, ta kashe sabon sarki Cuitláhuac, wanda ya jagoranci korar baƙin, bayan kimanin kwana 80 kacal a kan mulki. Ta kashe mutanen Tlaxcala su ma, sai dai a garuruwan da sarakuna suka mutu Cortés ya samu damar ɗora waɗanda za su bi shi.

A Tlaxcala aka sassaƙa ƙananan jiragen yaƙi 13, dubban ƴan dako suka ɗauko su gunduwa-gunduwa suka tsallaka duwatsu zuwa bakin tafkin. Texcoco, birni na biyu a daular, ya riga ya rabu gida biyu kan gadon sarauta, ɗaya daga cikin ƴaƴan sarki, Ixtlilxochitl, ya koma ɓangaren Cortés. A ƙarshen Mayun 1521 aka yi wa Tenochtitlan ƙawanya, aka datse magudanar da ke kawo ruwan sha daga Chapultepec, jiragen kuma suka hana kwalekwale shigar da abinci. Sifaniyawa ba su kai 1,000 ba, mayaƙan ƴan ƙasa da ke tare da su kuwa dubun-dubata ne. Aka riƙa rushe birnin unguwa bayan unguwa har ranar 13 ga Agusta, lokacin da aka kama sarki na ƙarshe, Cuauhtémoc, a cikin kwalekwale. An azabtar da shi domin ya faɗi inda zinariya take, aka rataye shi a 1525. A kan kufan birnin aka gina babban birnin Meksiko na yau.

A cikin rundunar akwai ƴan Afirka. Wanda aka fi sani shi ne Juan Garrido, haifaffen Afirka da ya yi yaƙi a matsayin ɗa, wanda a takardar da ya rubuta wa sarkin Sifaniya a 1538 ya ce shi ne ya fara shuka alkama a ƙasar.

Peru: yaƙin ƴan'uwa

Daular Inka ta miƙe kimanin kilomita 4,000 a tsaunukan Andes, daga kudancin Kolombiya ta yau zuwa tsakiyar Chile. A ƙarshen shekarun 1520 wata annoba ta kashe Sarki Huayna Capac da wanda ake sa ran zai gaje shi. Ƴaƴansa biyu, Huáscar da Atahualpa, suka shiga yaƙin basasa. Atahualpa ya yi nasara ke nan, yana kan hanyarsa ta zuwa Cusco, sai ya ji labarin wasu baƙi sun hauro daga gaɓar teku.

Ranar 16 ga Nuwamban 1532 ya shiga dandalin garin Cajamarca da dubban fadawa, galibinsu ba makami, ya bar rundunarsa a bayan gari. Mutanen Pizarro sun ɓuya a gine-ginen da ke kewaye. Bayan wani malamin Kirista ya miƙa wa sarkin littafin addu'a ya jefar, sai aka buɗe wuta, mahaya suka fito. Aka kashe dubban mutane, aka kama sarkin da rai. Ya yi alkawarin cika ɗaki ɗaya da zinariya sau ɗaya da azurfa sau biyu a matsayin fansa, ya kuma cika alkawarin, kimanin tan 6 na zinariya da ninkin haka na azurfa. Yana tsare ya ba da umarnin kashe Huáscar. Duk da fansar, Sifaniyawa sun shaƙe shi da igiya ranar 26 ga Yulin 1533.

A nan ma waɗanda suka ji jiki a hannun daular ne suka buɗe ƙofa: magoya bayan Huáscar, da al'ummomin Cañari da Huanca da Chachapoya waɗanda Inka suka ci da yaƙi. Pizarro ya naɗa Manco Inca sarkin jeka-na-yi-ka, amma a 1536 Manco ya tsere ya tara runduna ya yi wa Cusco ƙawanya na tsawon watanni. Zuriyarsa ta ci gaba da mulki a dajin Vilcabamba har 1572, lokacin da aka fille kan Túpac Amaru. Birnin Maya na ƙarshe mai cin gashin kansa, Nojpetén a Guwatemala, bai faɗi ba sai 1697, Mapuche na kudancin Chile kuwa Sifaniya ba ta taɓa cin su ba.

Azurfa, aikin tilas da bayi

Ribar mamayar ta fito ne daga ƙarƙashin ƙasa. A 1545 aka gano dutsen azurfa na Potosí a Bolibiya ta yau. A shekarun 1570 wakilin sarki Francisco de Toledo ya tsara karɓa-karɓar aikin tilas, inda kowace shekara ake kwaso dubban maza daga ƙauyuka zuwa ramukan haƙar, ana tace azurfar da zaiba mai guba. Azurfar ta biya yaƙe-yaƙen Sifaniya a Turai, wani kaso kuma ya bi ta Manila, wadda Sifaniyawa suka mayar da hedikwatarsu a Filifin a 1571, zuwa ƙasar Sin.

Annoba ta ci gaba da dawowa, musamman a 1545 da 1576. Ƙiyasin masana da dama ya nuna cewa yawan ƴan asalin tsakiyar Meksiko ya ragu da kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari a ƙarni guda. Tun a lokacin akwai masu suka a cikin Sifaniya. Bartolomé de las Casas, malamin Kirista da ya ga abin da aka yi a Kuba da idonsa, ya matsa har aka kafa sababbin dokoki a 1542 da suka haramta bautar da ƴan ƙasar. Shi ɗin ne kuma a farkon rayuwarsa ya ba da shawarar a kawo bayi daga Afirka, abin da ya yi nadamarsa daga baya. A 1518 Sarki Charles ya ba da lasisin kai ƴan Afirka 4,000 zuwa yankunan da aka mamaye. Kafin cinikin ya ƙare a ƙarni na 19, an loda kimanin mutum miliyan 12 da rabi a jirage, mafi yawansu a jiragen Fotugal da Ingila da Faransa, zuwa Burazil da tsibiran Karibiyan.

Tondibi, 1591

Shekaru 70 bayan faɗuwar Tenochtitlan, wani abu mai kama da haka ya faru a bakin Kogin Neja, kuma kwamandan da ya jagorance shi haifaffen Sifaniya ne. Judar Pasha ɗan garin Cuevas ne a lardin Almería, an kama shi yana yaro ya girma a fadar Maroko. Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur, wanda ya hau mulki a 1578 bayan yaƙin da Sarkin Fotugal Sebastian ya mutu a ciki, yana son ma'adinin gishiri na Taghaza da hanyar zinariya. A ƙarshen 1590 ya tura Judar da sojoji kimanin 4,000, da yawansu ƴan Andalus da Turawan da suka musulunta, ɗauke da bindigogi, suka ƙetare Sahara.

A watan Maris na 1591 suka haɗu da rundunar Askiya Ishaƙ na Biyu, wadda ta ninka su sau da yawa, a Tondibi da ke arewacin Gao. Songhai ta koro garken shanu domin su tarwatsa sahun abokan gaba, amma ƙarar bindiga ta juyo da shanun kan masu su. Gao da Tumbuktu da Jenne suka faɗi ɗaya bayan ɗaya.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Shekaru uku kafin Tondibi, a 1588, Songhai ta yi yaƙin basasa lokacin da Balama Muhammad al-Sadiƙ ya yi tawaye da goyon bayan yammacin daular, kuma bayan an murƙushe shi aka hukunta manyan hafsoshi da dama. Bayan shan kaye aka tuɓe Ishaƙ, wanda ya gaje shi, Muhammad Gao, Marokawa suka yaudare shi da sunan sulhu suka kashe shi, suka naɗa nasu Askiyan a Tumbuktu. Askiya Nuhu ya ja da baya zuwa Dendi, yankin da ke kudancin Nijar da arewacin Benin a yau, ya yi shekaru yana yaƙin sari-ka-noƙe. A 1594 aka kwashe malaman Tumbuktu zuwa Marakish, cikinsu har da Ahmad Baba, wanda bai dawo gida ba sai 1608. Masana tarihi da dama na ganin rushewar Songhai na cikin abubuwan da suka karkatar da ayarin Sahara zuwa gabas, Agadas da Katsina da Kano suka ƙara bunƙasa.

Abin da ya rage a yau

Wani gadon wancan zamani yana cikin tukunyar kowane gida daga Zongon Kumasi zuwa Garwa da Anjamena. Masara da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir da dankali da gwanda, har da taba, duk daga nahiyar Amurka suka fito, kuma ba a san su a Afirka ba kafin 1492. Su kuma mutanen can sun samu dawaki da shanu da alkama da rake.

A Meksiko kuwa muhawarar ba ta mutu ba. A 2021 gwamnati ta yi bikin cika shekaru 500 da faɗuwar Tenochtitlan da sunan tunawa da turjiyar ƴan asalin ƙasar. Sunan Malintzin ya zama zagi ga wanda ya fifita baƙo a kan ɗan gida, ko da yake masu kare ta na tunatar da cewa baiwa ce da aka sayar tun tana yarinya. An daɗe ana kiran mutanen Tlaxcala maciya amana, su kuma amsarsu ita ce a 1519 babu wata ƙasa mai suna Meksiko da za su ci amanarta, akwai dai daular da ta yi shekaru tana yaƙarsu. Bayan nasarar, sarkin Sifaniya ya ba su gata da tambarin birni, mayaƙansu sun taya cin Guwatemala a 1524, kuma a 1591 aka kwashi iyalai 400 daga cikinsu domin su kafa garuruwa a arewacin ƙasar. Annoba da haraji sun same su kamar yadda suka sami sauran. A yau Tlaxcala jiha ce a tarayyar Meksiko, kuma harshen Nahuatl da ita da abokan gabarta suka yi tarayya a kansa yana da masu magana da shi fiye da miliyan ɗaya da rabi.